A Bar Accar Bayan Ofis Ta Nuna

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Hukumarmu da ke Garki, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk waɗanda Allah Ya ɗora maka nauyinsu, ina neman afuwa da na biyo ta jarida. Na rubuto ta hanyar ofis, na kuma zauna a ɗakin jiran baƙinka har aka tashi aiki. An ce mini takardata tana hanya. Na daɗe a gidan nan, na san takarda takan yi wata guda tsakanin hawan ƙasa da hawan sama, abin da nake magana a kansa kuwa ba zai kai wata guda ba. Ban ambaci sunan hukuma ba, ban ambaci naka ba, domin ba tozarci na zo yi ba. Wanda abin ya shafa zai gane.

Sunana Zulaihatu. Ni ma'aikaciyarka ce a sashen yaɗa labarai, yanzu ina hutun karatu. Buƙatata guda ce. A bayan ɗakin janareto akwai ragowar gonar gwaji ta acca. Kwamitin shirya taron sauyin yanayi da wadatar abinci, wanda za a yi a harabarmu, ya tsara za a share wurin, a zuba tsakuwa, a kafa rumfar da baƙi za su ci abinci. Roƙona shi ne a bar accar ta nuna. Idan aka share ta karatuna ya tafi, kuma wani irin acca da ban san inda za a sake samunsa ba zai tafi tare da shi. Ga bayani.

Na farko, yadda aka yi na tafi karatun.

Na yi aikin jarida kafin in shigo hukumar nan, kuma tun da na shigo aikina rubuta sanarwa ne. Kalmomin sauyin yanayi da wadatar abinci na rubuta su har yatsuna sun haddace, suna iya buga su ina tunanin abin da zan dafa. Duk shekara ni nake tsayawa da mai ɗaukar hoto a bikin dasa itace, a kawo shebur mai ɗaurin ƙyalle, babban baƙo ya zuba ƙasa, a tafa. Ramin da ke kusa da ƙofar shiga shi ake sake tonewa kowace shekara, domin dashen bara bai taɓa ganin bazara ba.

Mahaifiyata tana zaune da ni a Mararaba. A ƙauye ta girma, har yau da safe sai ta fito ta dubi gabas kafin ta ɗora ruwan koko, alhali ba ta da ko kunya ɗaya ta gona. Wata shekara ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, masarar da maƙwabta suka shuka a gefen kwata ta naɗe ganye. Ta dube ni ta ce, "Ke da kike rubuta waɗannan abubuwa a ofis, me ya sami damina ne?" Na buɗe baki, na ji babu komai a ciki sai kalmomin sanarwa. A wannan makon na fara neman tallafin karatu. Allah Ya nufa na samu, digiri na biyu a wata jami'a ta ƙasar Turai. Hukumarmu ta ba ni hutu, ta kuma amince a rubuce cewa a harabarta zan yi gwajin gona idan na dawo aikin bincike. Wannan alheri ne, kuma ban manta ba.

Na biyu, abin da na gani a can.

Ranka ya daɗe, ka yi tafiye-tafiye fiye da ni, ba zan cika ka da labarin sanyi ba. Abu ɗaya zan faɗa. A jami'ar akwai wani dogon gini na gilashi, an raba shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki an saita masa zafi da laima da tsawon rana na wata ƙasa. Akwai ɗakin da aka saita a kan yanayin yankinmu, amma ba na yau ba, na lokacin da 'yata, wadda na baro a hannun kakarta, za ta zama tsohuwa. A watannin hunturu, lokacin da duhu ke shiga tun kafin la'asar ta yi sanyi, nakan tuɓe rigar sanyi a ƙofa in shiga wannan ɗaki in zauna a kan bokiti. A waje dusar ƙanƙara tana sauka ba ƙara, kamar ana tankaɗe gari daga sama. A ciki gumi yana bin bayana. Kewar gida ce take kai ni, amma gidan da nake tararwa ba wanda na baro ba ne. Masara tana tsaye a tukwane, ta yi tsawo, ta yi kyau, goyonta babu ƙwaya. Nakan rufe ido in ga kasuwar Garki, in ga masu awo zaune a bayan buhuna, in yi ta ƙoƙarin hango abin da zai kasance a cikin buhunan a wancan zamani. Wani lokaci har barci ya ɗan ɗauke ni, in ji kamar ana kiran sallah daga nesa, sai in farka in tarar injin iska ne.

A aji an koya mana karanta taswirar ruwan sama, wadda kwamfuta ke rinawa ja da ruwan ɗorawa. Ƙasarmu duka 'yan murabba'ai ne a jikinta. Abuja da Mararaba da garin Uke suna cikin murabba'i guda, wanda ɗan yatsa ke rufewa. Abin da na fahimta a taƙaice shi ne, ba yawan ruwan kaɗai ne abin tsoro ba, rashin alƙawarinsa ne. Ya zo a makare, ya ɗauke a tsakiya, ya zubo gaba ɗaya a yini guda. Sai na fara tambayar wace shuka ce ta saba zama da ruwan da ba ya cika alƙawari. Tambayar ta kai ni ga acca, wadda muke gani a kasuwa muna cewa abincin masu ciwon sukari ne. Malamar da ke duba aikina, wata dattijuwa mai zuwa makaranta a kan keke ko ana ruwa, ba ta taɓa cin ta ba. Na dafa mata gwate da 'yar wadda na tafi da ita. Ta cinye, ta ce in koma gida in shuka.

Na uku, inda irin ya fito.

Da na dawo kafin faɗuwar damina na zagaya neman iri. Na samu kala-kala a hannun manoma, amma wanda ya fi tsaya mini a rai na same shi ne a wani ƙauye bayan Uke, wurin wata tsohuwa da ake kira Mama Talatu. Daga ƙasar duwatsu aure ya kawo ta tun tana yarinya, ta zo da irin a ƙullin zane. Ta daina noma, domin filin da take ara an yanka shi fuloti-fuloti an sayar, gwiwoyinta kuma sun gaji. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da wata tsohuwar kwalba da aka toshe da tsumma, irin yana ciki gauraye da toka. Ta ce, da irin Hausarta, "Yarinya, wannan ba na kasuwa ba ne. Uwana ya ba ni. Idan ruwa ya yi wasa, shi ba ya wasa." Na tambaye ta ko akwai wani mai irinsa a kusa. Ta ce waɗanda ta raba wa sun mutu ko sun koma masara. Da za ta miƙa mini ta ce, "Ki kai shi makarantan Turawa ya yi karatu, amma ki dawo mini da shi." Na ce doka ba za ta bari ya hau jirgi ba, a Garki zai yi karatunsa. Ta yi dariya ta ce Garki ma ai birni ne.

Irin ya kwana biyu a kwalba, ƙarfinsa ya ragu. Shukar farko ta fito tsilla-tsilla, dole na ƙara da abin da na ware don ajiya. Wato duk abin da ya rage na irin Mama Talatu a duniyar da na sani yana cikin ƙasar hukumarmu. Kwalbar tana nan a ɗakina, toka ce kawai a ciki.

Na huɗu, abin da ya faru.

Filin bayan ofis juji ne lokacin da aka ba ni. Na kwashe fasassun kujeru da gwangwanayen fenti, na sa aka kafce, na raba shi ƙananan fangalai da turaku da igiya. Na zaɓi wurin ne saboda yana da katanga, awaki da shanu ba za su shiga ba. Gwajin mai sauƙi ne: kowane iri a shuka shi da wuri, a shuka shi a tsakiya, a shuka shi a makare, a ga wanda zai jure idan ruwa ya yi gardama. Na kafa allo mai bayani, na kafa ma'aunin ruwan sama. Kullum nakan baro Mararaba da sassafe don in riga cunkoso, in isa raɓa ba ta bushe ba.

Ban sani ba ko ka taɓa ganin acca tana tashi. Ba ta da kwarjinin dawa, ba ta da faɗin ganyen masara. Siririya ce, iyakarta gwiwa, idan iska ta taɓa ta sai filin duka ya kwanta ya tashi kamar mai numfashi a cikin barci. Da safe raɓa takan rataye a kanta, rana ta fito ta bayan tankin ruwa, wurin ya yi ta ƙyalli. Ga hayaƙin janareto, ga ƙarar motocin titi, amma nakan tsaya a nan in ji kamar na fita daga Abuja. A tsakiyar damina ruwa ya ɗauke na wani lokaci, kamar an aiko shi don gwajina. Wasu fangalan suka yi laushi. Na Mama Talatu bai ko sunkuya ba. Na riƙa aunawa ina rubutawa, murna tana taso mini, ina danne ta, domin mai bincike ba ya murna kafin girbi.

Wata Laraba na kai mahaifiyata asibiti, ban zo ba. Washegari da na shigo na tarar an shafa wa gefen titi farin fenti, an shafa wa gindin itatuwa, kamar yadda muke yi duk lokacin da manya za su zagaya. Harabar tana ta ƙanshin ɗanyar ciyawa da aka yanka. Ranka ya daɗe, gaskiya zan faɗa, na ji daɗin ƙanshin. Na shaƙe shi na ƙara shaƙa, ina tafe ina tuna hanyar gona ta ƙuruciya. Sai da na sha kwanar ginin na san ƙanshin me nake shaƙa.

Shukar wuri da ta tsakiya, waɗanda suka riga suka fitar da kai, an aske su har ƙasa. Turakuna an tuge su ɗaya bayan ɗaya, an karkaɗe ƙasar jikinsu, an ɗaure su da igiyata an jingine a bango tare da allon. Malam Isuhu, shugaban leburorin da ake ɗauka aikin yini, ya taho da fara'arsa ya ce, "Hajiya, ga itatuwanki nan mun adana miki, ko ɗaya bai ɓata ba." Da ya ga fuskata sai fara'ar ta gushe. Ya ce, "Wallahi ciyawar harkiya muka gani. Oga Admin ya ce kwamiti za su zagaya, kada su ga ko tsinke kore." Ban ga laifinsa ba. Shi mutumin ƙasar gero ne, acca ba ta cikin abin da ya tashi yana gani, kuma ita da harkiya dangi ne, ko ni sai na duba kai nake rarrabe su. An ba shi umarni ya cika. Damman da suka ɗaure wani mai kiwon raguna ya riga ya kwashe su tun ranar Larabar da yamma.

Na kira malamata ta waya mai hoto, na juya mata fuskar wayar ta ga filin. Ta gyara tabarau, ta ce, "Awaki ne?" Na ce a'a, kwamiti ne. Ba ta gane ba, ni kuma ban iya yi mata bayani ba. Ta yaya zan fahimtar da ita cewa a wurinmu tsabtar ofis ita ce kada a ga komai yana tsiro, kuma an share gwajin jure fari ne don a shirya wa taron sauyin yanayi?

Na biyar, abin da ya rage, da amsar shawarwarin da aka ba ni.

Shukar makare ta tsira, domin tana bayan ɗakin janareto, inda idon mai tafiya a baranda ba ya kaiwa. A cikinta akwai fangalan irin Mama Talatu. Yanzu ta fitar da kai, ƙwayar tana da ruwa, ba ta ƙosa ba. Tana bukatar 'yan makonni, kuma taron zai riga ta. Malamata ta kai maganar gaban jami'a, an amince in taƙaita kundin bincikena a kan shukar makare kaɗai, muddin na kai ta girbi na auna abin da ta bayar. Idan babu girbi babu kundi. Tallafin ba ya ƙara wa'adi, damina kuma sau ɗaya take zuwa a shekara.

Na je wurin 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Sun karɓe ni da mutunci, kowa kuma ya ba ni shawara. Wani ya ce in tsige in dasa a wani wuri. Acca mai kai ba ta dasuwa, ko da ta rayu gwajin ya lalace, domin ba ƙasar ba ce, ba ruwan ba ne. Wata ta ce in je kasuwar Garki in sayi mudu nawa nake so, ita za ta biya. Na gode mata, amma accar kasuwa surfaffiya ce, ba ta tsirowa, kuma ba irin Mama Talatu ba ce. Wani ya ce in bari baɗi. Baɗi ba ni da makaranta, ba ni da iri. Oga Admin kuwa, wanda na san ba mugun mutum ba ne, cewa ya yi, "Madam, ni tsari aka ba ni, sama kaɗai ke iya canzawa." Saman nan kai ne, ranka ya daɗe.

Ba na cewa wannan ɗan fili zai ciyar da Nijeriya. Watakila in auna in tarar abin da na gani a tsakiyar damina sa'a ce kawai, kuma idan haka ne haka zan rubuta. Abin da nake cewa shi ne ba za mu sani ba sai ta nuna. Nakan zauna a gefenta yanzu ina korar tsuntsaye, in yi ta mafarki ido biyu. In ga an sussuke ta an sheƙe, an sami ƙwarya guda. In ga ƙwaryar ta koma Uke, an raba wa mata cokali-cokali, baɗi ta zama buhu. In ga wata shekara mai nisa da ruwa ya yi gardama, wata mata da ba ta san sunana ba, ba ta san na hukumarmu ba, ta ɗora tukunya da yamma, 'ya'yanta suna zagaye da murhu suna jira. Daga nan sai janareto ya tashi, in dawo Garki.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon abubuwa kamar haka.

A mayar da rumfar cin abinci filin ajiye motoci na gaba. Ya fi faɗi, yana da daɓe, ba ya bukatar tsakuwa. Motocin ma'aikata za su iya kwana biyu a waje.

A ba da umarni a rubuce, wanda zai sauka har hannun masu yankan ciyawa kuma a karanta musu da Hausa, cewa kada a taɓa bayan ɗakin janareto sai an yi girbi. Idan ana ganin wurin zai ɓata wa baƙi ido, a kewaye shi da ƙyalle. Idan kuma an ga dama a bar shi a buɗe, ni zan tsaya in yi wa duk baƙon da ya tambaya bayani.

Kada a hukunta Malam Isuhu da mutanensa, kada a daina kiransu aiki saboda wannan wasiƙa. Na ji ana raɗe-raɗin a kansu za a sauke laifin. Idan aka yi haka an ƙara mini asara a kan asara.

Ina kuma so ka san abin da zan yi idan amsa ba ta zo ba, don kada a kai maka labarin da ba shi ba. Ba zan ɗaga allo ba, ba zan tare ƙofa ba, ba zan kira tsofaffin abokan aikina na jarida su zo da kyamara ba. Ranar da motar tsakuwa ta iso za ta same ni a wurin. Zan ba leburori hanya, domin ba zan sa talaka ya rasa aikin yininsa saboda ni ba. Abin da kawai zan roƙe su shi ne su ɗan dakata in bi fangalan Mama Talatu da almakashi, in tsinke kawunan da suka fi kusa da ƙosawa, in shanya su a inuwa a gida, ko Allah zai sa 'yan ƙwayoyi su yi rai. Digirin ya tafi ke nan, zan dawo teburina in rubuta sanarwar taron yadda aka saba, ba tare da kuskure ba. Sa hannunka a layi ɗaya ya isa ya hana wannan ranar zuwa.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya yi maka jagora a kan wannan kujera, Ya kare ka daga sharrin masu ɓoye maka abin da ya kamata ka gani. Allah Ya sa taron ya yi albarka, baƙi su zo lafiya su koma lafiya. Allah Ya sa damina mai zuwa ta same mu da rai, da lafiya, da iri a hannu.

Wassalam.

Ma'aikaciyarka,
Zulaihatu,
Sashen Yaɗa Labarai.